Taura Biyu a Akwati Ɗaya

An kwana biyu ba a ji ni ba, kuma abin da na zo da shi yau ba irin wanda aka saba ba ne, don haka sai a yi haƙuri da ni. Labarin wata ƙaramar bindiga ce da na saya a shekarar 2022, da abin da na gani a jikinta, da kuma abin da ta nuna mini a kaina.

A inda na taso, mutum huɗu ne aka sani da bindiga: soja, ɗan sanda, maharbi, sai kuma ɗan fashi. Idan ka cire 'yan bindigar Sarki da ke ɗura wa bindigar toka albarushi ranar hawan salla, su ɗirka ta sama mu yara mu watse muna ihu, to ban taɓa tsayawa kusa da mai harbi ba har na bar gida. Ita kuwa fistol, a dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 tana cikin jerin waɗanda ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa, saboda haka ko a mafarki ban taɓa ganin kaina da ita ba. Na zo jihar Texas ta Amurka, na yi shekara goma sha huɗu a wani gari da ke gefen Houston, ina wuce kantunan bindiga kamar yadda nake wuce gidajen giya, ban taɓa leƙawa ba.

Sai wani dare a farkon 2022. Ina wurin aikin dare, wajen ƙarfe biyu da rabi, mai ɗakina ta kira ni tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Baban yara, akwai mutum a garejinmu." Ta kwashe yaran biyu sun shige banɗaki sun kulle, ta riga ta kira 'yan sanda, ni kuma tsakanina da gida tafiyar minti arba'in ce. Ban san yadda na tuƙa motar nan ba. Ko da na iso 'yan sanda sun zo, ɓarawon ya gudu da keke da akwatin kayan aiki, ba wanda aka taɓa. Amma minti goma sha biyun da suka yi a banɗakin nan kafin a zo, su ne suka hana ni barci wata guda.

Akwai wani abokin aikina, baƙar fatar Amurka ne, tsohon soja, ya girme ni da kamar shekara goma. Shi na fara gaya wa cewa zan sayi bindiga. Na zaci zai yi murna, don na san ma'abocin harbi ne. Sai ya dube ni ya ce in dai saya zan yi in jefa a durowa in manta, gara in sayi kare. Ya ce sharaɗinsa ɗaya, in biyo shi filin harbi in koya, bayan haka kuma in shiga gasar da suke yi duk Asabar ta biyun wata, domin a can ne kawai mutum zai san yadda hannunsa ke rawa idan agogo na binsa.

Ranar farko ya ba ni tasa, mai saitin ƙarfe irin na da. Ga wanda bai sani ba, saman fistol akwai ɗan tsinke a can baki, akwai kuma ɗan tsagi a baya kusa da idonka. Aikinka shi ne ka sa tsinken a tsakiyar tsagin, ka daidaita kawunansu, sa'annan ka ɗora su a kan abin da kake bara. Abu uku ke nan a nisa uku, ido kuwa wuri ɗaya yake iya tsayawa a lokaci guda, don haka ake koya wa mutum ya kafa ido a kan tsinken gaba ya bar sauran su dushe. To ni shekarata arba'in da bakwai a lokacin, ko takardar magani ba na iya karantawa sai da tabarau. Tsinken nan sai ya zama mini kamar hayaƙi. Na yi harbi goma a yadi bakwai, huɗu ne suka taɓa takardar, su ma ƙasa ta hagu.

Ya yi dariya, ya ɗauko wata daga jaka. Ita wannan a samanta akwai ɗan madubi kamar faɗin farcen babban yatsa, idan ka leƙa sai ka ga jan ɗigo yana shawagi a ciki. Wata 'yar fitila ce ke haska gilashin daga baya, gilashin ya maido hasken cikin idonka, sai ka ga kamar ɗigon a jikin abin da kake kallo yake. Ba ruwanka da tsinke da tsagi. Ka buɗe idanu biyu, ka kalli abin bara, inda ɗigon ya sauka nan harsashi zai je, matuƙar an daidaita shi kuma ba ka fizgi kunama ba. Harbi goma, tara suka shiga. Wallahi ji na yi kamar an mayar mini da idon samartaka.

Daga baya na gano abin ba sabo ba ne. Kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ya fito da irin wannan madubi tun 1975, kuma a 1990 Doug Koenig ya ci gasar duniya ta IPSC a Adelaide ta Ostireliya da madubin jan ɗigo a kan bindigarsa. Sai dai na wancan zamanin manya ne kamar tocila, a jikin gangar bindigar ake kafa su. Abin da ya canza shi ne sun ƙanƙance har suna iya zama a kan marfin sama, wato ƙarfen nan da ke ja baya ya dawo a kowane harbi, su jure wannan girgiza. Da Glock ta fito da samfurinta na MOS a 2015, mai gurbin madubi tun daga masana'anta, sai kamfanoni da dama suka bi sahu. Da can galibi sai ka kai wa maƙeri ya sassaƙe maka ƙarfen.

A kantin da muka je, mai sayarwa ya ɗora mini baƙin akwatin roba a kan kanta ya buɗe. Canik TP9SFx ce, ƙirar Turkiyya, a birnin Samsun ake yin ta, kamfanin Century Arms ne ke shigo da ita Amurka a lokacin. Harsashi mai milimita 9 take ci, tsawon bututunta inci 5.2. A cikin akwatin akwai gidan harsashi biyu, kowanne na cin 20, da farantai huɗu na ɗora madubai iri-iri, da kuben roba na ɗamara, da buroshin wanki, sa'annan ga madubin Vortex Viper an haɗa da ita. Duka dala ɗari bakwai da 'yan kai. Na yi lissafi a zuci, na ga idan ɗaya-ɗaya zan saya sai na ƙara fiye da dala ɗari. Mai kanti ya ce da wannan akwati na gama, gasa da tsaron gida duk ta ɗauke. Abokina dai bai ce uffan ba, yana ta duba wasu kaya can gefe.

Na cika fom mai lamba 4473, wanda ke tambayarka ko an taɓa ɗaure ka, ko kana shan ƙwaya, ko kotu ta taɓa kama ka da dukan iyali. Na ba da lasisin tuƙi da katin zamana na dindindin, suka tura sunana ga tsarin binciken FBI da ke aiki tun 1998. Kafin in gama shan ruwan da ke hannuna amsa ta dawo. Na tuna wahalar da na sha kafin a ba ni lasisin mota a wannan jihar, sai abin ya ɗaure mini kai.

Akwatin bai shiga gida a ranar ba. Mai ɗakina ma'aikaciyar jinya ce, ta yi shekaru a sashen gaggawa, kuma ita ce ta kwana a banɗakin nan, saboda haka na ɗauka ita za ta fi kowa goyon baya. Ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Baban yara, ni na ga abin da wannan abu ke yi wa cikin yaro, kai ba ka gani ba." Ta karanto mini abin da na riga na sani amma nake kau da kai: a 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu kuma su ne suka harbe kansu. Tun 2020 bindiga ta wuce hatsarin mota wajen kashe yara da matasa a ƙasar. Ta ce muna da saurayi ɗan shekara goma sha biyar, muna da 'yar shekara shida mai buɗe kowace durowa. Ban da amsa. Akwatin ya kwana tara a gidan abokina, har sai da na sayo sef na ƙarfe mai buɗewa da lambobi, na kafe shi da kusoshi a cikin kabad ɗin ɗakinmu. Dokar Texas ma ta ce laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta, amma ba tsoron doka ya sa na yi ba. Wannan shi ne kuɗi na farko da akwatin mai kanti bai ƙunsa ba. Na biyu kuɗin malamin koyarwa. Na uku harsashi, wanda a wata huɗu ya cinye abin da ya kai kuɗin bindigar kanta.

Bari in faɗi alherinta tukuna, don tana da shi. A filin gasa ba ni da abin cewa. Kunamarta sassauƙa ce, ba ta da doguwar tafiya kafin ta sake kamawa, tsawon bututun da nauyinsa suna danne tsallen da take yi, ga harsashi 20 da ke rage maka yawan canji. Ɗigon madubin babba ne, a yadi 25 yana rufe kamar inci ɗaya da rabi, wanda ya dace da ido irin nawa. Na ga mutane da bindigogin da suka ninka tawa kuɗi sau uku, ban ga inda tawa ta hana ni abin da hannuna zai iya ba.

Gasar ta ƙungiyar USPSA ce, reshen Amurka na IPSC da aka kafa a 1976 a Columbia ta jihar Missouri, Jeff Cooper ne shugabanta na farko. Akwai rukuni na musamman na masu madubi a kan marfi, nan aka sa ni. Ana jera allunan kwali masu siffar ƙirjin mutum a bayan shingaye da ganguna, alƙali na bayanka da na'urar ƙirga lokaci. Da ta yi ƙara sai ka zaro daga kube ka bi su kana tafe kana harbi. Tsakiya maki biyar, gefe uku, can baki-baki ɗaya, kuskure kuma a cire maka goma. Akwai fararen alluna da ake cusawa a tsakani, su ne mutanen da ba ruwansu, ka taɓa ɗaya a cire goma. A ƙarshe a raba makinka da daƙiƙoƙin da ka ɓata. Idan kuwa bakin bindigarka ya juyo baya zuwa wajen jama'a, ko harbi ya kuɓuce maka ba da niyya ba, an kore ka daga gasar ranar, ba roƙo ba magiya. Na ga an kori wani dattijo mai shekara ashirin a harkar, ya tattara kayansa, ya dawo yana taya mu liƙe ramukan alluna.

Na'urar ta yi ƙara, na zaro, na ɗaga, na leƙa madubi. Ba ɗigo. Gilashi fes, allon na gabana, amma ɗigon ya yi ɓatan dabo. Na shiga juya wuyan hannu sama da ƙasa kamar mai neman tashar rediyo, daƙiƙa uku ko huɗu, kafin ya faɗo daga sama. Ba wanda ya gaya mini a kanti cewa madubin taga ce 'yar ƙarama, in bakin bindigar ya karkace kaɗan ɗigon ya fita daga tagar, kuma ba abin da zai nuna maka ta ina ya bi. Saitin ƙarfe ko ya karkace kana ganinsa ka gyara. Na zo na biyun ƙarshe cikin mutum talatin da wani abu, wanda na fi kuwa bindigarsa ce ta lalace. Maganin abin, in ji abokina, shi ne maimaici. Kullum bayan yara sun kwanta in cire harsashi kaf, in kai shi wani ɗaki, in duba ramin bindigar sau biyu, sa'annan in yi ta zarowa ina ɗagawa ina kallon wani tabo a bango, minti goma. Sai da na yi wata biyu kafin ɗigon ya fara zuwa da kansa.

A gasa ta biyar na sake shan kunya, wannan kuma aikin hannuna ne. Batirin madubin a ƙarƙashinsa yake, sai ka kwance shi daga kan bindiga kafin ka canza. Na canza a daren Juma'a, na ɗaure sukurorin da ƙiyasi, ban sa man da ke riƙe su ba, ban kuma koma fili na sake gwada saitin ba. A zagaye na uku sai na ga ina harbi tsakiya ramuka na fita gefe. Na taɓa madubin, yana motsi kamar haƙorin yaro. Na ce to bari in koma saitin ƙarfe, sai na tuna babu. A wannan samfurin, tsagin baya a jikin farantin da ke rufe gurbin madubi yake, ranar da ka ɗora madubi ranar ka rabu da shi. A gasa wannan asarar maki ce kawai, na ƙarasa ana yi mini tsiya. A hanyar gida ne na fara tunanin da a ce a tsakar dare ne abin ya faru.

Daga nan na soma auna ta da ma'auni na biyu, kuma a nan ne maganar mai kanti ta fara warwarewa. Madubin nan sai ka danna maɓalli yake kamawa, alhali akwai waɗansu da ke farkawa da kansu da zarar an motsa su. Fitilarsa a buɗe take, ɗigon ruwan sama ko zaren riga ya faɗa a kai sai ka ga ɗigo ya tarwatse ya zama biyar. Kunamar da nake yabo a fili, wadda ɗan taɓi ke isarta, ita ce abin tsoro a hannun mutumin da aka tasa daga barci zuciyarsa na bugawa. Kuben da ke cikin akwatin ya isa ka fara gasa da shi, amma ba na ɓoyewa a ƙarƙashin riga ba ne, bindigar kanta ma ta yi tsawon da in ka zauna a mota da ita sai ta tokare ka. Ban ga laifin masu ƙera ta ba, don gasa suka yi ta kuma ba su ɓoye ba. Ni ne na so in tauna taura biyu. Sa'annan tsakanin ƙofar ɗakina da ƙarshen barandarmu taku bakwai ne. A wannan nisa ba madubi ne zai raba gardama ba.

Maganar yawo da ita a jiki kuwa, na rufe ta da wuri. Tun 1 ga Satumba 2021 dokar Texas ta yarda wanda ya kai shekara 21, in ba shi da abin da ya hana shi mallaka, ya ɗauki fistol ba tare da lasisi ba. Amma ni baƙi ne, da harshen baƙo, da suna irin namu. Philando Castile yana da lasisinsa a aljihu lokacin da ɗan sanda ya tsayar da motarsa a Minnesota a watan Yulin 2016. Ya faɗa da bakinsa cewa yana ɗauke da bindiga, aka harbe shi a gaban budurwarsa da 'yarta ƙarama. Abokina yana ɗaukar tasa kullum, ya ce ya gwammace haka, ban kuma ce ya yi kuskure ba. Ni dai tawa daga sef sai jakar fili, a kulle a bayan mota.

A watan Yunin shekarar, da gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, ƙanena ya kira ni daga gida. Ya ga hotona a fili. Ya ce, "Yaya, irin taka ko guda ɗaya ce ka san yadda za ka yi ta iso mu." Na ce masa wannan hanyar gidan yari ce, ni a nan shi a can. Ya yi shiru, ya ce su da ke kwana da takalmi a ƙafa su ne ba su da ita, ni da 'yan sanda ke zuwar mini a minti goma sha biyu ni ne mai wasa da ita ranar Asabar. Na rasa abin da zan ce masa, muka koma gaisuwa.

Sau ɗaya tak na taɓa buɗe sef ɗin nan da dare, a watan Nuwamba. Wajen ƙarfe ɗaya mai ɗakina ta taɓa ni, na ji ƙarar ƙofar gareji, wadda ke shigowa kicin. Yatsuna suka danna lambobin ba tare da na yi tunani ba. Na ɗauko ta, na manta ban kunna madubin ba sam, sai washegari na lura. Na tsaya a bakin ƙofar ɗaki, bakinta na kallon ƙasa, yatsana a miƙe a gefen ƙarfe nesa da kunama, yadda alƙalan fili suka horar da ni da tsawa wata takwas. Na ga inuwar mutum dogo a ƙarshen baranda, da hular sanyi a ka. Cikin ƙa'idoji huɗu da Cooper ya koyar, wadda ake maimaita mana kafin kowace gasa, ta ƙarshe ita ce ka tabbatar da abin da kake bara da abin da ke bayansa. Ban ga fuska ba, saboda haka ban ɗaga ba. Na ce da Hausa, ban san dalili ba, "Wane ne nan?"

"Abba, ni ne. Cajata na manta a mota."

Na mayar da hannuna bayan cinya don kada ya gani. Na ce ya wuce ya kwanta. Ya wuce ta gabana yana hamma, ya fi ni tsawo da kaɗan, ban san yaushe ya yi wannan girma ba. Na koma ɗaki na kulle ta, gwiwoyina suka ƙi ɗaukata, na zauna a ƙasa jikin kabad. Mai ɗakina ba ta ce mini komai ba. Ta kawo ruwa ta ajiye kusa da ni, ta tafi ɗakin yaron ta daɗe a can.

Da safe na sayo tocila mai ƙarfi na ajiye a kan sef, na sa fitilu masu kamawa da motsi a baranda da kicin, na canza makullin gareji. Muka zaunar da yaron na gaya masa abin da ya faru, ban rage komai ba, aka kuma yi doka cewa duk mai motsi a gidan nan bayan sha biyun dare sai ya ɗaga murya ya faɗi sunansa. Uwarsa ta so a sayar da bindigar. Muka yi mako biyu muna ja, a ƙarshe aka tsaya a kan cewa za ta zauna, amma ba harsashi a cikinta, gidan harsashin na gefe a cikin sef ɗin, kuma ita ma ta san lambobin. Abokina ya ce hakan zai ci mini daƙiƙa biyar a ranar da nake buƙatarsu. Na ce na sani.

Har yanzu ina zuwa gasar. Na sayi ɗan ma'aunin ɗaure sukuru, na kuma ja layin farin fenti a kan kowane sukuru don in ya motsa in gani. A watan jiya na zo na goma sha ɗaya. Yaron, wanda yanzu yana jami'a, ya raka ni sau biyu, ya zauna a inuwa da abin toshe kunne yana kallo. Na miƙa masa ita a teburin gwaji na ce ko zai taɓa, ya ce a'a, shi dai zai riƙe mini jaka.